Yadda za ka bi sawun taurari masu sauya haske ka kuma rarrabe su daga nan Legas

Mafi yawan taurarin da ke bisa kanmu yadda ka bar su jiya haka za ka tarar da su yau. Amma akwai waɗanda haskensu kan ƙaru, ya dusashe, ya sake ƙaruwa a kan wa'adi ƙayyadadde: wani sa'o'i takwas, wani kwana biyar, wani kusan wata goma sha ɗaya. Ƙyaftawar nan da kake gani tauraro na yi cikin daƙiƙa ɗaya ba ta cikin wannan magana, aikin iskar duniyarmu ce. Ana maganar sauyin da ke faruwa can wajen tauraron kansa.

Masana sun damu da su ne saboda da su ake awon nisa. A 1912 Henrietta Leavitt, ma'aikaciyar ɗakin nazarin taurari na Harvard, ta nuna da taurari 25 na cikin Ƙaramin Gajimaren Magellan, wani taron taurari da ke maƙwabtaka da namu, cewa a irin taurarin da ake kira Cepheid, gwargwadon tsawon wa'adin tauraro gwargwadon ainihin haskensa. In ka san ainihin hasken, ka kuma ga yadda ya dusashe kafin ya iso gare ka, ka san nisansa. Da wannan Edwin Hubble, bayan ya gano Cepheid a Andromeda a 1923, ya tabbatar cewa Andromeda tana wajen galaksinmu, wato babban taron taurarin da rana take ciki. Daga baya, a 1952, Walter Baade ya bayyana cewa Cepheid iri biyu ne aka cakuɗa, kuma gyara wannan cakuɗawar kawai ya ninka nisan da ake lissafawa kusan sau biyu. Ka ga ke nan wanda ya sa tauraro a ajin da ba nasa ba ya ɓata awo gaba ɗaya.

Aikin da zan bayyana kashi biyu ne. Na farko da ido, don ka san abin da ake aunawa. Na biyu da kwamfuta, inda ainihin rarrabewar take, kuma a can gajimaren Legas ba ya hana ka komai.

Mataki na farko: ka saba da ma'aunin haske

Ana auna hasken tauraro da daraja, kuma lissafin kamar matsayin yara a aji yake, na ɗaya ya fi na biyar. Tauraro mai daraja 2 ya fi mai daraja 3 haske kimanin sau biyu da rabi, tazarar daraja biyar kuwa ninki ɗari ne cif, kamar yadda Norman Pogson ya tsara a 1856. A daji mai duhu ido kan kai daraja 6. A Agege ko Idi-Araba, daren da ka ga mai daraja 4 ka gode Allah.

Abubuwa uku za ka riƙa nema ga kowane tauraro: wa'adinsa, tazarar da ke tsakanin ƙololuwar haskensa da ƙarshen dusashewarsa, da siffar zanen haskensa, wato hoton da ke fitowa in ka jera daraja a tsaye, lokaci a kwance, ƙananan lambobi a sama.

Mataki na biyu: wuri da lokaci

Legas tana kimanin digiri 6.5 arewa da layin da ya raba duniya biyu, kuma wannan babbar ni'ima ce da mutanen Turai ba su da ita. Daga nan ana ganin kusan dukkan sararin arewa da mafi yawan na kudu. Cikas ɗinmu uku ne: damina mai tsawo daga Afrilu zuwa Oktoba, hazon hunturu a Disamba da Janairu, da fitilun gari. A ra'ayina Nuwamba da farkon Disamba su ne lokacin fara koyo, ruwa ya ja baya, ƙura ba ta kankama ba.

Nemi saman bene ko wani fili da bango zai kare ka daga fitilar titi. Ka ba idonka minti goma sha biyar zuwa ashirin a duhu, ka rage hasken waya ko ka mai da shi ja. Daren da aka ɗauke wuta a unguwa, fito da wuri kafin masu janareta su tayar. Kada ka auna tauraron da bai kai digiri 30 daga ƙasa ba in da yadda za ka yi. Dunƙulen hannunka in ka miƙe shi gaba kimanin digiri goma ne, sai ka jera uku. Ƙasa da haka hazo da hayaƙin motoci kan cinye hasken wani tauraro fiye da na maƙwabcinsa. Manhajar Stellarium, wadda akwai ta waya, za ta nuna maka inda kowanne yake.

Mataki na uku: taurarin farko da yadda ake kimantawa

Fara da Algol, a rukunin Perseus, arewa da Kaza da 'Ya'yanta. Daga Oktoba zuwa Fabrairu yana sama da dare. Mafi yawan lokaci yana daraja 2.1, sai duk bayan kwana 2 da sa'a 20 da minti 49 ya sauka zuwa 3.4 ya dawo, saukar da hawan duka cikin kimanin sa'o'i goma. John Goodricke ne ya auna wannan wa'adi a 1783, yana saurayi ɗan ƙasa da shekara ashirin, ya kuma ce wataƙila wani abu ne ke gilmawa ta gabansa. Haka abin yake: taurari biyu ne ke kewaya juna, mai rangwamen haske ya riƙa yi wa mai haske husufi.

Na biyu Delta Cephei, wanda aka raɗa wa dukkan ajin sunansa. Yana tafiya tsakanin 3.5 da 4.4 a kwana 5.37, ya hau cikin kwana ɗaya da rabi, ya kwashe sauran kwanakin yana sauka a hankali. Daga Legas ba ya wuce kimanin digiri 38 a arewa, don haka sai dare mai tsabta. Zeta Geminorum ya fi mana sauƙi don yana hawa sama sosai daga Disamba zuwa Afrilu, wa'adinsa kwana 10.15, sai dai tazararsa ƙarama ce, 3.6 zuwa 4.2. Akwai kuma Mira a rukunin Cetus, wanda David Fabricius ya lura da shi a 1596, mai wa'adin kimanin kwana 332. In ya cika yakan kai daraja 3, wani zubin ma fiye, in ya dusashe ya ɓace wa ido ƙaf, sai da madubin hangen nesa.

Ga yadda ake kimantawa. Zaɓi taurari biyu da haskensu ba ya sauyawa, ɗaya ya fi naka haske, ɗaya bai kai shi ba. Ga Algol akwai Gamma Andromedae mai 2.1, Epsilon Persei mai 2.9 da Kappa Persei mai 3.8. A ce yau Algol yana tsakanin na biyun da na ukun. Raba tazarar da ke tsakaninsu gida goma a ranka, ka tambayi idonka: a taki na nawa yake? In taki uku ne daga Epsilon, lissafin shi ne 2.9 a tara da kashi uku cikin goma na 0.9, ya ba ka kusan 3.2. Ga Delta Cephei, Zeta Cephei mai 3.4 da Epsilon Cephei mai 4.2 suna daf da shi.

Kalli kowanne shi kaɗai a tsakiyar ido, ka koma kan ɗayan, ka dawo. Jajayen taurari irin Mira kada ka ƙura musu ido, don in ka daɗe kana kallo sai su riƙa yi maka kamar suna ƙara haske. Ɗan leƙe kawai. Kuma, ɗan'uwa, kada ka duba hasashen abin da ya kamata tauraron ya nuna kafin ka fita. Ido yana bin abin da zuciya ta riga ta sa rai.

Mataki na huɗu: rubutu

Nan take ka rubuta sunan tauraro, rana, lokaci, daraja, taurarin da ka kwatanta da su, da halin sama: akwai hazo, akwai farin wata, ko garau. Agogon Najeriya yana gaban agogon duniya da sa'a ɗaya, sai ka cire. Sannan ka mai da lokacin zuwa ranar Juliyan, lissafin da ke ƙidaya kwanaki a jere ba wata ba shekara. Ranar Juliyan 2451545.0 ita ce tsakar ranar 1 ga Janairu 2000 a agogon duniya. Tana juyawa ne da ƙarfe ɗaya na rana agogonmu, don haka daga Magariba har Asuba lamba ɗaya ce, ɓangaren bayan ɗigo ne kawai ke tafiya. Shafin ƙungiyar AAVSO, wadda aka kafa a Amurka a 1911, yana da na'urar juya lokacin, yana kuma ba da taswirar taurarin kwatanci.

Mataki na biyar: shiga rumbun manyan bincike

Ido zai ba ka taurari goma ko ashirin. Galaksinmu kuwa cike yake da su, kuma akwai na'urorin da ke ɗaukar hoton sama dare bayan dare suna zuba awon a intanet kyauta. ASAS-SN, wanda jami'ar jihar Ohio ke jagoranta, yana bin dukkan sama, kuma awonsa ya fi kyau ga taurari masu daraja kimanin 11 zuwa 17. ZTF, da ke dutsen Palomar a Kalifoniya, ya fara aiki a 2018, yana kai wa ga masu dusashewa fiye da haka amma sararin arewa ya fi rufewa, kuma daga bayanansa aka fitar da kundin taurari masu wa'adi sama da 780,000 a 2020. OGLE na jami'ar Warsaw yana aiki tun 1992 daga Las Campanas a Chile, ya fi mai da hankali kan tsakiyar galaksi da gajimaren Magellan. Kumbon Gaia na Turai, da aka harba a 2013, ya fitar da kundinsa na uku a Yunin 2022 ɗauke da taurari masu sauyi kimanin miliyan goma, tare da launinsu da nisansu.

Ga mai koyo ASAS-SN ya fi sauƙi: ka sa lambobin wurin tauraro, ka sauke fayil mai lokaci da daraja da kuskuren awo. Fayil ɗin ƙarami ne, ba ya cin data. Tsohuwar kwamfutar hannu ta Computer Village ta isa.

Shawarar da na fi ba wa muhimmanci ita ce kada ka fara da neman sabon tauraro. Je VSX, kundin taurari masu sauyi na AAVSO, ka ɗebo sanannu daga kowane aji, ka roƙi abokinka ya goge sunan ajin ya gauraya su, kai kuma ka rarrabe da kanka, sannan ka duba. Sai hannunka ya faɗa ka nufi waɗanda aka rubuta wa VAR kawai, wato masu sauyi da ba a san ajinsu ba, ko waɗanda aka sa wa ɗigo biyu bayan sunan aji, alamar ba a tabbatar ba.

Kafin komai ka tace fayil ɗin. Jefar da awon da kuskurensa ya yi yawa, kada kuma ka gauraya awon da aka yi da matatar haske daban-daban, domin ASAS-SN yana da na V da na g, kuma darajarsu ba ɗaya ba ce.

Mataki na shida: nemo wa'adi

In ka zana awon shekaru a jere, tauraro mai gajeren wa'adi zai fito maka kamar ɗigogin da aka watsa barkatai. Maganinsa ninkewa. Ka ɗauki lokacin kowane awo, ka cire wani lokacin farawa, ka raba da wa'adin da kake zato, ka jefar da cikakkiyar lamba ka riƙe ɓangaren bayan ɗigo. Misali, awon Algol da aka yi kwana 10 bayan tsakiyar husufi: 10 a raba da 2.867 ya ba da 3.488, gaɓarsa, wato inda yake a cikin zagayensa, ke nan 0.49. In wa'adin daidai ne, ɗigogin duk za su taru su yi siffa ɗaya siririya. Excel ma yana yin wannan.

Gwada dubban wa'adi da hannu ba zai yiwu ba, shi ya sa ake amfani da hanyar Lomb-Scargle, daga ayyukan Lomb a 1976 da Scargle a 1982, wadda aka gina don awon da ba a yi shi a kan tsari ba. Manhajar VStar ta AAVSO tana da hanyoyin neman wa'adi, kyauta ce, wanda ya iya Python kuwa Astropy tana da Lomb-Scargle a shirye. Za ta zana maka tsaunuka, mafi tsawo shi ne wa'adin da ta fi zato. Zato ne kawai, kuma tarko biyu na jiranka.

Na farko tarkon kwana ɗaya. Wanda ke fitowa bayan Isha'i kullum, tauraro mai wa'adin sa'o'i goma sha biyu cif a gaɓa ɗaya zai riƙa tarar da shi, har ya rantse ba ya sauyawa. Na'urorin da ke ƙasa su ma dare kawai suke aiki, don haka suna haifar da wa'adin bogi. Ɗauki tauraron da ake kira RR Lyrae, mai wa'adin kwana 0.567, wato zagaye 1.764 a kwana ɗaya. Ƙara ɗaya, 2.764, ya ba da wa'adin bogi 0.362. Rage ɗaya, 0.764, ya ba da 1.309. Dukansu za su fito a matsayin tsaunuka, kuma na 0.362 ɗin zai iya jefa tauraron cikin wani aji daban. Ninke da kowanne, ka ga wanda ɗigogi suka fi tsukewa a kansa. In kumbon TESS ya taɓa kallon wurin, bayanansa na raba gardama, don yana kallo ba dare ba rana kimanin kwana 27 a jere.

Na biyu tarkon rabi. Tagwaye masu husufi, wato taurari biyu masu kewaya juna irin Algol, sau biyu suke dusashewa a kowace kewayawa, kuma manhajar kan ba ka rabin wa'adin. Ko da yaushe ka sake ninkewa da ninki biyu na abin da ta ba ka. In ka ga ramuka biyu masu zurfi daban, na gaskiyar shi ne mai tsawon.

Ka kuma riƙe lambobi da yawa bayan ɗigo. Kuskuren kwana 0.0001 in ya taru a zagaye dubu ya zama kwana 0.1, wanda ya isa ya dagula zanen gajeren tauraro.

Mataki na bakwai: rarrabewa

Tambayar farko: a ina tauraron ya fi zama? In ya fi daɗewa a sama shimfiɗe, sai ya faɗa rami mai kaifi ya fito, tagwaye ne irin Algol, ajin EA. In babu shimfiɗa, hasken na lanƙwasa ko da yaushe, ramuka biyun kuma zurfinsu ya bambanta sosai, EB ne, irin Beta Lyrae mai kwana 12.9. In ramukan kusan ɗaya ne kuma wa'adin bai kai kwana ɗaya ba, EW ne, irin W Ursae Majoris mai sa'o'i takwas, taurari biyu da suka matsu har jikinsu ya haɗu.

In kuwa ya hau da sauri ya sauka a hankali, tauraro ne mai kumbura da tsukewa. A cikinsa akwai wani rufi na iskar hiliyam da kan tare zafi in an matse shi, zafin ya tura tauraron ya kumbura, rufin ya huce ya saki zafin, nauyi ya sake jawo shi ciki. A nan wa'adi ne ke raba su. Ƙasa da kimanin kwana 0.2, wato sa'o'i kaɗan, Delta Scuti ne, galibi da ƙaramar tazara. Daga 0.3 zuwa kusan kwana ɗaya, da hawa mai kaifi da tazarar da kan kai daraja ɗaya, RRab ne. Daga 0.2 zuwa 0.5, da siffa mai laushi da tazara ƙarama, RRc ne. Solon Bailey ne ya fara raba waɗannan biyun, waɗanda duka 'yan ajin RR Lyrae ne, a 1902 daga taurarin curin Omega Centauri, curin da mu nan Legas muke iya hangowa a kudu. Daga kwana ɗaya zuwa sama da ɗari, Cepheid. Daga kwana 80 zuwa 1000, ja wur, da tazarar daraja 2.5 ko fiye, Mira ne. Ja mai ƙaramar tazara da wa'adin da ba ya tsayawa daram, ajin SR ne. Akwai kuma masu tabo a jiki, da haskensu ke ɗan lanƙwasa yayin da suke juyawa, kuma alamarsu ita ce siffar zanen kan sauya daga shekara zuwa shekara saboda tabon na ƙaura.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne tsakanin RRc da EW. Tauraron EW mai wa'adin kwana 0.6 in aka ninke shi da rabi ya zama 0.3, siffarsa kuma kamar RRc. Manhajojin da ke rarraba dubban ɗaruruwan taurari kai tsaye su ma suna faɗawa nan, kuma wannan ne wurin da mutum mai haƙuri ke da amfani. Duba siffa da kyau: EW gindinsa ya fi tsini, samansa ya fi faɗi, hawa da sauka daidai suke. RRc hawansa ya ɗan fi saukarsa sauri, sau da yawa da ɗan tudu kafin ƙololuwa.

In siffa ba ta raba ba, koma ga Gaia ka ɗauko paralaks, ɗan gocewar da tauraro ke yi saboda kewayawar duniya. Raba 1000 da lambar da aka ba ka, ka sami nisa a fasek, kowane fasek shekarun haske 3.26. Ainihin daraja kuwa, wato ma'aunin ainihin hasken tauraro, ita ce darajar da ake gani, a tara da 5 sau logaridim na paralaks, a cire 10. A ce tauraronka 12 ne, paralaks 2: nisa fasek 500, ainihin daraja 3.5. Tauraron ajin RR Lyrae ainihin darajarsa kusan 0.6 ce, da shi ne da paralaks bai wuce kimanin 0.5 ba. Naka ƙaramin tauraro ne na kusa, EW ya fi dacewa da shi. Wannan lissafin ne kuma ke raba Cepheid na asali, matasa masu nauyi da ke kwance a faifan galaksi, da iri na biyu irin W Virginis, tsofaffi da ba su kai su haske ba a wa'adi ɗaya. Sharaɗi biyu: in kuskuren paralaks ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na lambar, kada ka dogara da shi, kuma a faifan galaksi ƙura tana rage haske tana mai da tauraro ja, har mai zafi ya yi kama da mai sanyi.

Ka kuma buɗe hoton wurin a Aladin, manhajar taswirar sama, ka gani ko akwai maƙwabci daf da shi. Na'urorin ASAS-SN ƙanana ne, sukan haɗa hasken taurari biyu, sai a jingina sauyin ga wanda ba shi ke yi ba.

Mataki na takwas: kai rahoto

Awon ido ana shigar da shi rumbun AAVSO bayan ka yi rajista an ba ka lambar mai lura. Gyaran aji ko sabon tauraro kuwa VSX ake kai wa. Ka fara bincika ko yana ciki, sannan ka shirya wurinsa daga Gaia, iyakar haskensa sama da ƙasa tare da matatar da aka auna da ita, wa'adi, lokacin farawa, ajin da kake gani, da zanen da ka ninke. Lokacin farawar tagwaye shi ne tsakiyar babban husufi, na mafi yawan masu kumbura kuwa ƙololuwar haske. Ka rubuta shi a lokacin da aka gyara kamar daga cibiyar Rana aka yi awon, wanda ake yi wa alama da HJD, domin matsayin duniya a kewayenta kan jinkirta ko gaggauta isowar haske da har minti takwas, kuma fayilolin ASAS-SN da shi suke zuwa. Akwai masu tantancewa da za su duba, su karɓa ko su mayar maka da tambaya. In ba ka tabbatar da ajin ba, sa masa ɗigo biyun nan, ka rubuta dalilinka a wurin bayani.